Rini, haske da iska: abin da ya kamata ku sani game da maganin ciwon daji da ake kunnawa da fitila

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja ya haddace kalmomi uku ko bai so ba: tiyata, kemo, gashi. Ko dai a yanke, ko a ɗaura ruwan magani, ko a kwantar da mutum ƙarƙashin na'ura a gasa wurin. Akwai wata hanya kuma da ba kasafai ake jin sunanta a nan ba, alhali Kanada ta amince da ita tun 1993, Amurka kuma tun 1995. Ana ba majiyyaci wani rini, ko ta allura ko a shafa masa a fata, a dakata har ya taru a cikin ƙarin, sannan a haska wurin da fitila ta musamman. Rinin da yake kwance lafiya lau a cikin duhu sai ya rikiɗe ya zama guba, amma a daidai inda hasken ya sauka kaɗai. Likitoci suna kiran wannan hanya fotodainamik, a taƙaice PDT. Mu kira ta maganin rini da haske.

Da jin haka mutum zai ce to me ake jira? Ba wuƙa, ba zubewar gashi, ba watanni ana layin na'urar gashi. Gaskiya ne, maganin yana aiki, ba tatsuniya ba ne. Sai dai yana da iyaka guda da komai nasa ya rataya a kanta: haske ba ya shiga naman mutum da nisa. Abin da bai wuce kaurin ɗan yatsa ba, nan ya tsaya. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci wa maganin zai amfana a garin nan, da kuma wanda za a yaudara da sunansa.

Yadda abin yake aiki

Abu uku ne dole su haɗu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya: rinin, hasken da ya dace da shi, da iskar oksijin da jini ke kai wa nama. Kamar murhun gargajiya ne mai duwatsu uku, ka zare ɗaya tukunya ta kife. Rini ba haske, ba abin da zai faru. Haske ba rini, fitila ce kawai. Ga rini ga haske amma wurin ya rasa oksijin, an yi aikin banza.

Idan haske ya faɗa kan ƙwayar rinin, sai ta haɗiye ƙarfinsa. Ba ta iya riƙe wannan ƙarfi, don haka sai ta miƙa shi ga oksijin da ke kusa da ita. Oksijin ɗin da muke shaƙa mai sanyin hali ne, amma wanda ya karɓi wannan ƙarfi zazzafa ne, duk abin da ya taɓa na kitse ko furotin a jikin ƙwayar halitta sai ya ƙone shi. Sa'ar da aka yi ita ce ba ya daɗewa: bai kai ko kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yake yi ba, kuma tafiyar da yake yi kafin ya huce ba ta kai faɗin ƙwayar halitta guda ba. Shi ya sa ɓarnar take tsayawa inda rinin yake. Ita kuwa ƙwayar rinin, da ta sauke kayanta sai ta koma yadda take, ta sake haɗiyar wani hasken, ta sake miƙawa, haka har sai ta kode.

Ƙari yana mutuwa ta hanya uku. Ƙwayoyin ciwon kansu suna fashewa ko su kashe kansu. Ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ƙarin suna toshewa, sai yunwa ta ƙarasa abin da ya rage. Sannan kumburin da ke biyo baya yana jawo hankalin garkuwar jiki zuwa wurin.

Me ya sa rinin ya fi taruwa a cikin ƙari? Domin hanyoyin jinin ƙari gini ne na gaggawa, suna yoyo, kuma magudanan da ke kwashe ruwa daga nama ba sa aiki sosai a cikinsa. Abin da ya shiga sai ya daɗe bai fita ba. Amma kada a ɗauka rinin yana da ido. Yana shiga hanta, yana shiga fata, yana shiga ko'ina, bambancin yawa ne kawai. Ainihin saitin yana hannun likitan da ke riƙe da fitila, wanda zai haska nan ya rufe can.

Dalilin da ya sa ja ne

Ku kunna fitilar wayarku a ɗaki mai duhu, ku danna yatsa a kanta. Hasken fari ne, amma abin da zai fito ta bayan farce ja ne. Farin haske tarin launuka ne, jini da launin fata sun shanye shuɗi da kore, ja ne kaɗai ya samu ya ratsa. Dukan ilimin kunna rinin a nan yake.

Masana suna auna launin haske da tsawon zangonsa, a ma'aunin nanomita. Ido yana gani daga kimanin 400, wato wajen shuɗi, zuwa 700, ƙarshen ja. Shuɗin haske yana kunna yawancin waɗannan rinuka da ƙarfi, amma da ƙyar yake wuce milimita ɗaya ko biyu, don haka sai a saman fata ake amfani da shi. Ja mai nanomita 630 yana shiga 'yan milimitoci. Wanda ya doshi 700 zuwa 800 yana ɗan ƙara nisa. Duk da haka, iyakar abin da ake sa rai kimanin santimita ɗaya ne. Kowane rini kuma da launin da yake amsawa, ba a yi masa musaya. Photofrin sai 630, Foscan sai 652, Tookad sai 753. Fitilar da ta kauce wa launukan da rinin yake haɗiya ba ta da amfani ko da ta fi rana haske.

Lokaci ma awo ne. Photofrin ana yin allurarsa, a jira awa 40 zuwa 50 kafin a haska, domin naman lafiya ya samu ya zubar da nasa. Foscan kwana 4 ake jira. Man da ake shafawa a fata mai suna Metvix awa 3 yake yi a rufe da bandeji. Ƙarfin hasken kuma ba a cika shi. Wani abin mamaki shi ne idan aka tsananta haske don a gama da wuri, oksijin ɗin wurin yana ƙarewa kafin jini ya kawo sabo, sai aikin ya tsaya cak alhali fitila na ci. Don haka ake lissafa minti. A Amurka, shuɗiyar fitilar da ake haɗawa da maganin Levulan minti 16 da daƙiƙa 40 take yi, ba ƙari ba ragi.

Idan ciwon a ciki yake, a maƙoshi ko huhu ko mafitsara, ana zura siririn zaren gilashi ta cikin bututun nan mai kyamara, a kai hasken leza har bakin ƙarin. Wani lokaci ma ana soka zaren a cikin naman. Amma ko a can, dokar santimita ɗaya tana nan daga inda zaren ya tsaya.

Daga ina aka samo shi

Wani ɗalibin likitanci ne a birnin Munik na Jamus, Oscar Raab, ya yi tuntuɓe da shi. Yana gwada wani rini mai suna akiridin a kan ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani, sai ya lura adadi iri ɗaya wani lokaci yana kashe su nan da nan, wani lokaci kuma su daɗe suna yawo. Da ya bi diddigi sai ya tarar hasken da ke shigowa ɗakin ne ya bambanta. An wallafa wannan a 1900. A 1903 malaminsa Hermann von Tappeiner, tare da likitan fata Albert Jesionek, suka shafa jan rinin iyosin a kan ƙarin fatar majiyyata suka haska. Von Tappeiner ne kuma, tare da wani abokin aikinsa, ya nuna ba ya yiwuwa sai da oksijin.

Akwai wani Bajamushe, Friedrich Meyer-Betz, da ya kamata kowane majiyyaci ya san labarinsa. Kusan shekara goma bayan haka ya yi wa kansa allurar miligiram 200 na wani rini da ake samu daga jini, ya fita rana. Fuskarsa da hannayensa suka kumbura suntum, kuma ya shafe kusan wata biyu rana ba ta yi masa daɗi. Hotunansa suna nan a littattafan likitanci.

Daga nan abin ya yi barci har shekarun 1970, lokacin da Thomas Dougherty na cibiyar Roswell Park da ke Bafalo a jihar New York ya farfaɗo da shi. A 1978 ya ba da rahoton majiyyata 25 masu ƙari 113 a fata da ƙarƙashinta, 111 daga ciki sun amsa magani, wasu gaba ɗaya wasu rabi. Aikinsa ne ya haifi Photofrin, wanda Kanada ta amince da shi don ciwon dajin mafitsara a 1993, Amurka don na maƙoshi a 1995, sannan na huhu a 1998.

Sai a 1990 wasu masana a Kanada, James Kennedy da Roy Pottier, suka zo da dabarar da ta fi kowace sauƙi. Maimakon a ba mutum rini, sai a shafa masa wani sinadari da ake kira ALA, wanda jiki da kansa yake amfani da shi wajen ƙera jan launin jini. Ƙwayoyin da suka lalace suna karɓarsa su fara ƙerawa, amma sai su maƙale a matakin kusa da ƙarshe, wani rini ya taru a cikinsu. Ke nan ƙwayar ciwon ita ke haɗa gubar da za ta kashe ta. Wannan rini kuma cikin kwana ɗaya ko biyu jiki ya share shi. Yawancin maganin rini da haske da ake yi a fata yau a kan wannan dabara yake.

Makiyaya ma sun san wani abu mai kama da wannan, ko da ba da wannan suna ba. Saniyar da ta ci ganyen lantana, furen nan da ake shukawa don ado a bakin gidaje, hantarta takan lalace. Sai wani rini da ke fitowa daga koren ganye ya kasa fita, ya taru a jini. Da ta shiga rana, sai wuraren da fatarta take fara ko ba gashi su kumbura su saɓule, baƙaƙen wuraren kuwa ba abin da ya same su. Ga rini, ga haske, ga oksijin, ga kuma darasi a kan abin da baƙar fata take yi wa haske.

Abin da ba shi ba

Ba shi ne shuɗiyar fitilar da ake saka jarirai masu shawara a ƙarƙashinta ba. A can ba a ba jariri wani rini, hasken yana sauya sinadarin shawarar ne don jiki ya iya fitar da shi. Ba shi ne gashi ba kuma. Hasken na'urar gashi yana ratsa jiki har ƙashi, shi ya sa yake kai wa ga ƙari mai zurfi, shi ya sa kuma akwai iyakar yawan da za a yi wa wuri ɗaya. Rini da haske ana iya maimaita shi sau da yawa, ba ya hana a yi tiyata ko kemo daga baya, kuma da yake ba ya rusa zaren da ke riƙe da fata, wurin yakan warke ba tare da mummunan tabo ba.

Wa zai amfana, wa ba zai amfana ba

Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna a 2022 an samu sabbin masu ciwon daji kimanin 127,000 a Najeriya, fiye da 79,000 kuma suka rasu. Na mama ne a gaba, sai na furostet da na bakin mahaifa. Kuma kowane likitan ciwon daji a Abuja zai gaya muku mafi yawan majiyyata ba sa zuwa sai ciwo ya ci jiki, bayan an gama da mai magani na unguwa da kemis da rubutu. Ga irin waɗannan, rini da haske ba shi da abin yi. Ƙullutun da ke cikin nono ya fi ƙarfin haske. Ciwon da ya bazu zuwa hanta ko ƙashi ba wanda zai bi shi da fitila. Baƙin ciwon dajin fata, wanda a wurinmu ya fi fitowa a tafin ƙafa, launinsa ma shanye hasken yake yi. A bakin mahaifa an gwada shi a kan alamomin farko, amma akwai hanyoyin da suka fi araha kuma suna nan a ƙasa: gwaji da wuri, ƙona wurin ko daskarar da shi, da rigakafin ƙwayar cutar HPV da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023, wanda Abuja tana cikin rukunin farko.

Inda yake da ƙarfi shi ne ciwon da yake a shimfiɗe, bai nutsa ba: a fata, a cikin baki, a bangon maƙoshi, a hanyar iska ta huhu. Ko kuma a buɗe maƙoshin da ƙari ya toshe don mutum ya samu ya haɗiyi abinci, ko da ba warkewa ake nema ba.

A nan ne maganar zabaya ta shigo, kuma a ganina su ne dalilin da ya sa ya kamata mutumin Abuja ya damu da wannan batu. Zabiya ba shi da launin da ke kare fata daga rana, ga shi yana zaune a garin da rana ke tsayawa tsakar ka kusan duk shekara. Tun yana saurayi sai wasu ɓawo-ɓawo masu kaushi su fara fito masa a goshi, kunne, leɓe, wuya da bayan hannu. Ba ciwon daji ba ne tukuna, amma daga cikinsu ne yake tasowa, kuma ciwon dajin fata yana cikin manyan abubuwan da ke kashe zabaya da ƙuruciya a Afirka. Matsalar ita ce ba ɗaya ba ne, ba biyu ba. Fili ne guda ya lalace, har da wuraren da ido bai fara gani ba. Likita ba zai yanke goshi gaba ɗaya ba. Amma zai iya shafe shi da man ALA, ya jira, ya haska, a share na fili da na ɓoye a zama ɗaya. Ga kuma wani abu: rashin launin nan da ya jawo musu cutar shi ne yake barin hasken magani ya shiga ba tare da shamaki ba. A baƙar fata kuwa launin yana cinye wani kaso na hasken, kuma wurin yakan yi duhu bayan an warke.

Babban Asibitin Ƙasa ya daɗe da sanin wannan matsala. Tun zamanin gwamnatin Obasanjo, bisa fafutukar gidauniyar zabaya da Jake Epelle ya kafa a 2006, aka fara shirin yi wa zabaya maganin ciwon dajin fata kyauta a can, shirin da ya sha tsayawa saboda kuɗi. Amma waɗanda ake kawowa galibi ciwon ya riga ya zama gyambo mai zurfi, sai tiyata da gashi. Da zarar ya nutsa, lokacin fitila ya wuce, kuma duk wanda ya haska saman irin wannan ciwo ya bar gindinsa ya cuci majiyyaci, domin sama za ta rufe, ƙasa na ci. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021, wanda asibitin yana cikin cibiyoyinsa na farko, iri uku ya ɗauka da farko: mama, bakin mahaifa da furostet, ba na fata a ciki.

Kada kuma a ce ba wata hanya sai wannan. Likitan fata yana iya daskarar da ɓawon ɗaya bayan ɗaya da ruwan naitirojin, ko ya rubuta man shafawa na 5-FU da ake yi na makonni, kuma duka biyun sun fi araha. Malafa, doguwar riga da man kare fata sun fi su duka. Rini da haske ƙari ne a kan waɗannan, ba madadinsu ba.

Zafi, da kuma rana

Akwai ciwo. Masu tallar maganin ba su cika faɗa ba, amma lokacin da fitila ke ci majiyyaci yana jin ƙuna da tsira, musamman a fuska da fatar kai, har wasu sukan ce a dakata. Ana rage shi da fanka, fesa ruwan sanyi ko allurar kashe zafi. Bayan nan wurin zai yi ja, ya kumbura, ya yi ɓawo, ya warke cikin mako ɗaya zuwa biyu. Na maƙoshi kuwa yana iya barin tabon da zai matse hanyar abinci.

Babban hatsarin dai shi ne abin da ya sami Meyer-Betz. Wanda aka shafa wa mai, kwana biyu ne zai rufe wurin. Amma wanda aka yi wa allurar Photofrin, fatarsa da idanunsa gaba ɗaya sun zama abin kunnawa na aƙalla kwana 30, wani ma fiye. Ku ɗauki mutumin da aka sallama daga asibiti a tsakiyar gari zai koma Kubwa ko Nyanya da ƙarfe biyu na rana a watan Maris, ya maƙale a cunkoson hanya. Gilashin mota ba zai kare shi ba. Man kare fata na yau da kullum ma ba zai kare shi ba, domin an yi shi ne don tare hasken da ido ba ya gani, shi kuwa wannan rini hasken da ido ke gani ne yake kunna shi. Abin da zai cece shi tufafi ne masu kauri, safar hannu, baƙin tabarau, malafa ko rawani, ga mata kuma hijabi mai duhu da niƙabi, sannan ya ɗage fita sai bayan magariba. Ba kuma a so ya kulle kansa a duhu ƙirin, domin ɗan hasken ɗaki mai laushi yana taimakawa rinin ya kode a hankali. Ɗan kasuwar Wuse ko mai tura baro da abincinsa ke cikin rana, wata guda a ɗaki ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma ya kamata a sa shi cikin lissafin magani.

A Denmak an juya wannan hatsari ya zama dabara. Tun wajen 2008 likitocin Kofanhegan suka nuna za a iya shafa man, bayan rabin awa majiyyaci ya fita ya zauna a waje awa 2, hasken gari ya yi aikin fitila, kuma zafin ya ragu ƙwarai domin rinin yana ƙonewa kaɗan-kaɗan yayin da ake ƙera shi. Da gani kamar don mu aka yi. Amma ranar Denmak ba ta Abuja ba ce. Zaunar da zabiya awa biyu a ranar bazara, gumi na wanke maganin, ba abin da likita mai hankali zai yi ba ne sai an auna an gwada: wace sa'a, wace inuwa, wane wata.

Maganar kuɗi

Maganin rini da haske ba ya cikin abin da aka saba bayarwa a asibitocin gwamnati a Najeriya. Da can uzurin na'ura ne, domin leza tana da tsada kuma tana son wuta tsayayya. Yanzu fitilun LED sun rage wannan uzuri. A Indiya, likitocin Jami'ar Musulmi ta Aligar tare da masana daga Boston, ciki har da Farfesa Tayyaba Hasan, sun gwada ƙaramar jar fitila mai aiki da batir a kan ciwon dajin baki na matakin farko, suna duba inda rinin ya taru da kyamarar wayar hannu. A Barazil, ƙungiyar Farfesa Vanderlei Bagnato a garin Sao Karlos ta ƙera nata na'urar da nata man, ta horar da asibitoci da dama, har a 2023 gwamnati ta shigar da maganin cikin tsarin lafiya na kyauta don wani nau'in ciwon dajin fata marar zurfi. Inda tsadar ta rage shi ne rinin kansa, da ake shigowa da shi da dala, da kuma ma'aikacin da ya iya awo.

A Afirka ma ba a zauna ba. Farfesa Tebello Nyokong ta Jami'ar Rhodes a Afirka ta Kudu, haifaffiyar Lesoto, ta shafe shekaru tana ƙera shuɗɗan rinuka da ake kira fitalosayanin don wannan aiki, ta samu lambar yabo ta L'Oréal da UNESCO a 2009, kuma 'yan Najeriya da dama sun yi digirin digirgir a ɗakin bincikenta. Jami'ar Johannesburg tana da cibiyar binciken leza da ke wannan fanni. Ke nan masana sinadarai ba su ne muka rasa ba. Cibiyar bincike da kula da ciwon daji ta ƙasa, NICRAT, da ta fara aiki a Abuja a 2023, ita ce irin hukumar da za ta iya haɗa su da likitocin fata a yi ƙaramin gwaji a kan zabaya, a ga ko kuɗin ya kai amfanin idan aka gwama da naitirojin da man shafawa. Wannan ne gwajin da ni zan so in gani, ba sayen babbar leza a kulle a ɗaki ba.

A waje kuma ana ta neman hanyar tsallake iyakar santimita ɗaya da kuma gyara saiti. Tookad, da aka ƙirƙiro a cibiyar Weizmann ta Isra'ila daga launin wasu ƙwayoyin halitta masu rayuwa da haske, Turai ta amince da shi a 2017 don ciwon furostet marar tsanani, ana kunna shi yana cikin jini don ya toshe hanyoyin. Japan a 2020 ta amince da Akalux, inda aka ɗaure rini a jikin wani sinadarin garkuwa da ke neman ƙwayoyin ciwon kai da wuya ya manne musu. Kunna rini da hasken hoton ƙashi ko da sauti kuwa har yanzu bincike ne.

Idan an yi muku tayinsa

Abuja cike take da wuraren gyaran jiki masu jajayen fitilu, intanet kuma cike take da masu cewa haske yana warkar da kowane irin ciwon daji. Wasu har suna sayar da shuɗin rinin metilin a ce a sha a kwanta ƙarƙashin fitila. Rinin na gaske ne, yana amsa haske, tun 1891 Paul Ehrlich ya gwada shi a kan zazzaɓin cizon sauro. Amma shan sa ba maganin ciwon daji ba ne, kuma yana iya farfasa ƙwayoyin jinin mai ƙarancin sinadarin G6PD, matsalar da ta yawaita a tsakanin mazan Najeriya, da yawansu ba su ma san suna da ita ba.

Wanda aka ce za a yi masa maganin rini da haske, a nan ko a Masar ko Indiya, yana da haƙƙin ya yi tambaya. An yanko ɗan naman an kai ɗakin gwaji, kuma me sakamakon ya ce? Zurfin ciwon milimita nawa ne? Mene ne sunan rinin, wace hukuma ta amince da shi don wannan ciwon, kuma in a Najeriya ne yana da lambar NAFDAC? Wane launin haske, na minti nawa? Kwana nawa za a guji rana? Yaushe za a dawo a duba, tunda ciwon yana iya komowa? Likitan da ya san aikinsa zai amsa waɗannan ba tare da ɓacin rai ba, kuma zai kasance mai rajista da hukumar likitoci ta ƙasa.

Zabiya ko iyayensa kuwa kada su jira sai an kawo fitila. Ɓawon da ya ƙi tafiya, ƙurjin da ke jini in an taɓa, ko gyambon da ya wuce wata guda bai rufe ba, a kai shi sashen fata a Babban Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada a wannan makon.